Na Buta Ya Fi

A layinmu ni kaɗai na taɓa shiga jirgin sama, amma ba ni ake ce wa Kyaftin ba. Kyaftin mai wanki da guga ne. Shagonsa yana kan kusurwa, tsakanin mai faci da wani kanti da ke sauya mai shi duk shekara. In ka shiga za ka tarar da dogon tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, aka rufe da farin ƙyalle. Dutsen guga na gawayi guda biyu ne, sai na lantarki ɗaya da yake ajiyewa don baƙi su san ya waye. Kaskon garwashi yana bakin ƙofa, ba ya mutuwa daga safe har yamma. Igiyoyi sun ratsa ɗakin, rigunan mutanen layi suna rataye kamar masu jiran a kira su ba da shaida. Can sama kuma, a kan wani katako da ya kafa da hannunsa, wanda ya karkace tun ranar da aka kafa shi, akwai akwatin talabijin.

Gadon sana'ar ya yi. Tun yana ƙarami yake riƙe wa mahaifinsa bakin zanin gado ana matsewa, yana hura gawayi har idonsa ya yi ja. Ya taɓa makaranta kaɗan ya bari. In ka tambaye shi dalili sai ya ce wuyan rigar malaminsu ne ya kore shi, don ba zai iya karɓar ilimi daga mutumin da za a iya yin shuka a wuyansa ba. Ƙannensa sun ce lissafi ne ya kore shi.

Har yau da wuyan riga yake auna mutane. Ya ce ya san mai gumin aiki, ya san mai gumin ƙarya, kuma na biyun ya fi cin sabulu. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata ya aurar da su, babu wadda ta gaji ra'ayinsa a kan komai. Ni aikina awon ƙasa ne, shi na karanta a jami'a, amma Injiniya yake kirana. A farkon zamanmu na sha gyara masa. Kullum sai ya ce, "To, Injiniya, na ji." Na haƙura.

Akwatin nan ya saye shi ne a hannun wani da zai bar gari, a zamanin da gidaje kaɗan ne ke da talabijin a layin, su ma ba sa buɗe ƙofa. Da batirin mota yake kunna shi, saboda wutar layinmu baƙuwa ce, takan leƙo ta gaishe mu ta wuce. Tasha ɗaya muke kamawa. Duk Talata da yamma takan sa wani shiri baƙi da fari, wanda ko a lokacin ya tsufa. Ba wanda ya iya faɗin sunansa na ainihi, sai aka riƙa ce masa Jirgin Talata. Wasu mutane ne masu matsattsun riguna a cikin jirgi mai kama da murfin tukunya, suna yawo tsakanin taurari. Duk mako sai su sauka a sabuwar duniya, kuma kowace sabuwar duniya kamarta ɗaya da ramin da ake fasa dutse a bayan gari. Can za su tarar da dodo, ko sarauniya mai eriya a ka, ko wata na'ura mai fitilu da ta yanke shawarar kashe kowa. Su yi ta magana, su danna maɓalli, su tsira.

Matar mai guga ba ta taɓa leƙowa ba. Ta ce abin mamakin da take gani a gidanta ya ishe ta, ba sai ta je wata duniya ba.

Da yake da yaren waje ake shirin, sai mai guga ya ɗora wa kansa fassara. Bai san komai a yaren ba, kuma wannan bai taɓa hana shi barci ba. Yana tsaye da dutsen guga a hannu, kai a sama, yana ba jama'a labari. Shugaban jirgin zai juyo da fuska a murtuke ya zuba dogon bayani, sai mai guga ya ce, "Ya ce wane mara kunya ne ya taɓa masa sabulu." Mutane su gyaɗa kai su ce ai kuwa ya yi fuskar wanda aka taɓa wa sabulu. Daga nan aka fara ce masa Kyaftin don zolaya. Shi kuwa ya karɓa da hannu biyu, har ya sa aka rubuta a jikin ƙofa.

'Yata ta ƙarshe, Auta, tana cikin masu zama a bencin shagon tun ƙafarta ba ta kai ƙasa ba. Ban hana ta ba, ban kuma raka ta ba. Ni ban iya kallon abin da na san kwali ne da fenti. Ita ta iya. Ita ce mai hawa kujera ta juya eriya idan hoto ya fara ruwa, Kyaftin yana ƙasa yana ba da umarni kamar jirgin ne zai faɗo. Da haka ya naɗa ta Laftana.

Auta tana firamare tashar ta daina sa shirin. Masu kallo suka watse. Wasu suka sayi nasu akwatin mai launi, wasu suka tashi daga layin, wasu suka mutu. Gardama ce kawai ta ƙi mutuwa, kuma mutum uku suka riƙe ta: Kyaftin, da Auta, da Akawu, wani tsohon ma'aikacin ofis da ya mayar da shagon wurin zamansa tun da ya yi ritaya ya gane babu mai saurarensa a gida. Tambayar guda ce, wane kashi na shirin ya fi. Na sha tarar da su a kai in na kai wanki.

"Na gobara," in ji Kyaftin. "Duk wanda ya ce ba na gobara ba, a kai shi a duba masa ido. Kun ga wandon shugaban jirgi a ranar? Karin gugar nan zai yanke maka yatsa. Wanda ya yi wannan aikin, Allah ya ji ƙan iyayensa."

"Ana maganar labari kana maganar wando," in ji Akawu. "Na haƙori shi ne shiri. Akwai zurfin tunani a cikinsa."

"Zurfin me? Nishi ka yi ta yi mana daga farko har ƙarshe."

Auta tana zaune a ƙarshen benci, takan bari su gaji, sannan ta ce, "Baba Kyaftin, in kun gama, na buta ya fi."

Nan Kyaftin zai dire dutsen guga. "Laftana, kin yi karatu, kin sa farar riga, kina leƙa jinin mutane a madubi kina gaya musu ciwonsu, amma naki ciwon kin kasa ganinsa. Wannan kashin, ki yi haƙuri, kashi ne." Yakan ja kalmar ta biyu yadda ba wanda zai yi kuskuren wadda yake nufi.

"Na buta ya fi."

"Kawo dalili ɗaya."

"Ba na bayarwa. Ya fi dai."

Haka suka yi tana sakandare, haka suka yi in ta zo hutu daga jami'a, haka suka yi bayan ta fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Ban taɓa jin ɗayansu ya matsa ko da taƙi ba. Ni ina karɓar kayana in wuce, ina mamakin mutanen da suka samu lokaci.

Auta ta rasu bara, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ba zan ce komai a kan wannan ba sai abu ɗaya. Wata rana da hantsi na kai mata rigar filo da zanin gado daga gida, wankin Kyaftin. Ta kai hanci, ta ji ƙamshin sitaci da gawayi, ta yi dariya har tari ya kama ta. Da ya lafa ta ce, "Baba, in ka mayar da wanki ka ce wa Kyaftin har yanzu na buta ya fi." Na ce to. A raina na ce ita za ta je ta gaya masa da bakinta.

Kyaftin ya zo gaisuwa cikin rigar da ta sha guga har tana ƙara in ya motsa. Ya zauna, bai soki kowa ba, bai dubi wuyan kowa ba. Da zai tafi ya miƙo hannu ya gyara mini wuyan rigata da ya naɗe, ya fita. Tun daga ranar in na kai wanki sai ya ce sannu Injiniya, ya karɓa, ya ce Allah ya ƙara haƙuri. Wannan ladabin ya fi komai damuna.

Ban isar da saƙon ba. Aikina ya koya mini kada in sa hannu a kan iyakar filin da ban taka ba. In na je na ce masa na buta ya fi, zai ce in kawo dalili, ni kuwa ban san ko butar ta ƙarfe ce ko ta roba ba. Kuma ba don Kyaftin kaɗai ba ne. Abu ne da 'yata ta so tun tana yarinya har ta bar duniya, ina so in gan shi da idona.

A cikin kwamfutarta na tarar da shirin gaba ɗaya, kashi-kashi, kowanne da lambarsa da sunan da masu shi suka sa masa. Na bi sunayen, babu mai buta. Na ce ba komai, a kallo za ta fito. Kullum in na dawo aiki sai in zauna a falo in kunna. Maman Auta takan wuce da tire ta ce, "Baban Auta, yau ma dodo ne?" In ce, "Yau sarauniya ce." Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta shige ciki. Ba ta tambaye ni abin da nake nema ba, ni ma ban faɗa ba.

Na koyi abubuwa. Ina jin yaren, don haka na tabbatar babu inda aka ambaci sabulu a shirin daga farkonsa har ƙarshensa. Na gane dutsen da suke ɓuya a bayansa guda ɗaya ne, juya shi kawai ake yi. Na ga wani mutum ya mutu a wata duniya, bayan mako biyu ya dawo da gashin baki a matsayin likita. Gobara kam ba a magana, kusan kowane kashi sai wani abu ya kama wuta, har na rasa wanne Kyaftin yake nufi. Na ga dodo mai haƙori ɗaya na ce to, ga na Akawu.

Buta ce babu. Na duba kan kowane tebur. Na riƙa tsayar da hoto ina leƙa lungunan jirgin kamar mai neman alamar iyaka a cikin ciyawa. Akwai wata na'ura mai dogon hanci da na zauna ina lallashin kaina cewa in an kalle ta ta gefe za ta iya zama buta, amma na san ƙarya nake yi. Mutanen nan sun ratsa taurari kaf ba su dafa shayi ko sau ɗaya ba.

Da na kai ƙarshe sai tsoro ya kama ni. Na ce wataƙila akwai kashin da ya ɓace, wanda tashar ta sa a zamanin nan amma bai shiga wannan jerin ba. In haka ne, to ya tafi tare da ita.

Wata ranar Talata da yamma na ɗauki kwamfutar da ƙullin wanki na nufi shago. Akawu yana kan benci. Kyaftin ya kwance ƙullin, ya ɗaga rigata ta sama ya juya ta, na ga bakinsa yana motsi yana danne magana. Ta fi ƙarfinsa.

"Injiniya, wannan a cikinta ka kwana, ko mota ce ta bi ta kanta?"

Ban san na yi kewar wannan ba sai da na ji shi.

Na ce, "Kyaftin, saƙo na kawo maka. Ya daɗe a hannuna. Laftana ta ce in gaya maka har yanzu na buta ya fi."

Ya ajiye rigar. Ya buɗe murfin dutsen guga ya shiga hura garwashin da ba ya bukatar huri. Akawu ya cire hula ya duba cikinta ya mayar.

"Allah ya ji ƙanta," in ji Kyaftin, bai ɗago ba. "Amma ba ta da gaskiya. Ba zan canza magana don ta riga ni tafiya ba. Ta san halina."

"Na kalli shirin duka," na ce.

"Ka kalli me?"

"Jirgin Talata. Daga farko har ƙarshe."

"Kai? Akawu, ka ji ikon Allah. Mutumin da in ya zo karɓar kaya yake juya wa akwatin baya kamar sun yi faɗa."

"Na kalla. Babu buta a ciki. Na duba kowane tebur, na duba hannun kowa. Ko dai akwai kashin da ya ɓace, ko kuma ban san abin da nake nema ba."

Suka dubi juna. Akawu ne ya fara dariya, har giɓinsa ya fito.

"Wai a cikin akwatin ka nema?"

"A ina zan nema?"

"Injiniya," in ji Kyaftin, "don Allah me buta za ta je yi a sararin sama? Wa zai hura mata wuta?" Ya kama gefen farin ƙyallen tebur ya yaye. A jikin bargon akwai ƙuna baƙa ƙirin, siffar dutsen guga sak. "Ka ga wannan? Ita ce gobara. Rigar wani ango ce. Na ɗora dutse na ɗaga kai, shugaban jirgi ya fito da wandon nan, ban sauko da kaina ba sai da hayaƙi ya rufe hoton. Na haƙori kuma, wannan bawan Allah ne ya zo da kumatu kamar ya ɓoye ƙwallo a baki, ya ɗaure kai da rawani, ya hana kowa ji."

"Duk da haka na fahimci labarin," in ji Akawu.

"Ka fahimci azaba dai. Mu da ba mu iya karanta sunan da masu shi suka sa ba, Injiniya, da me kake so mu kira shi? Da abin da ya faru a ɗakin nan muke kira. Kowa a layin nan ya san haka, har mai faci."

Na ce, "To butar wa?"

"Taka mana."

Kyaftin ya ci gaba, yana nuna ni da murfin dutsen guga.

"Gas ɗinku ne ya ƙare. Maman Laftana ta aiko ka ka ɗora ruwa a kaskona. Ka zo ka tsaya nan, daidai inda kake tsaye yanzu, da wandon ofis da silifas, buta a hannu. Na ce Injiniya ɗora mana, ka ce to. Ba ka ɗora ba. Na ce to zauna, ka ce a'a, yanzu zan tafi. Har sunaye suka hau a ƙarshe kana nan kamar an dasa ka. Ka juya ka koma gida da ruwanka mai sanyi."

Na tuna ranar. Maman Auta ta daɗe tana ba 'yan'uwanta labarin mijin da aka aika dafa ruwa ya dawo da shi yadda ya tafi. Abin da ban riƙe ba shi ne cewa Talata ce, da abin da ya tsayar da ni.

Na ajiye kwamfutar a kan tebur. "To wanne ne a ciki? Me aka nuna a ranar?"

Kyaftin ya buɗe baki ya rufe. "Mummuna ne dai."

"Na sarauniyar nan ne mai eriya," in ji Akawu.

"Wace sarauniya? Sarauniya ai ranar da aka kama ɓarawon batir ne."

"To na wanda jirgin ya nutse a ruwa."

"Jirgin bai taɓa nutsewa ba, Akawu, hoton ne ya yi ruwa."

Na tsaya ina kallonsu. Shekara da shekaru suna yanka juna a kan wane kashi ya fi, ashe in ka cire abin da ya faru a ɗakin, abin da ya rage musu bai cika cokali ba. Na zo dab da abin, kuma waɗannan tsofaffin biyu za su ɓatar mini da shi.

"Ku yi tunani," na ce. "Ko abu ɗaya."

Kyaftin ya rufe ido. "Rigunan," ya ce. "Wannan kam ba zan manta ba. Duk a yamutse suke, tun daga shugaban har yaransa, kamar an zazzago su daga buhu. Gwiwar wando ta yi tulu. Ranar na ji kunya a madadin sana'a."

"Dodon ya faɗi," in ji Akawu. "Ba harbinsa aka yi ba. Tuntuɓe ya yi."

Sai abin ya dawo mini, ba daga wancan zamanin kaɗai ba, har daga falona. Akwai kashin da mutanen jirgin suka yi ta rarrafe a cikin wani rami, wani abu mai kama da katifa yana bin su. Da na kalle shi kwanan baya na ji wani abu ya taɓa ni, na ɗauka gajiya ce. A ƙarƙashin katifar ana hango ƙafar mutum, sanye da takalmi sau-ciki mai igiya. Abin da ya tsayar da ni a bakin ƙofar nan da buta ke nan. Jira nake in ga ko a cikin masana ilimin taurarin nan akwai wanda zai lura dodon da takalmi ya zo.

Na nemo kashin. Kyaftin ya ce shi bai iya kallo da kai a sunkuye ba, wuyansa bai saba ba, sai da muka ɗora kwamfutar a kan katakon nan da ya karkace, muka tokare ta da sandar sabulu. Na kunna.

"Zauna mana, Injiniya."

"A'a, nan ma ya yi."

"Ka ji shi ko," ya ce wa Akawu. "Bai canza ba."

Ina so in yi adalci, don haka zan faɗi abin da na gani. A duk jerin babu kashin da ya kai wannan lalacewa. Ramin takarda ce aka murɗa, in wani ya jingina sai bango ya lotsa. Shugaban jirgin ya manta maganarsa sau biyu, ana ganin idonsa yana neman mai tuna masa. Katifar tana tafe tana haki. Kyaftin kuwa ya koma bakin aikinsa kamar jiya ya bari. Shugaban ya ce iskar da suke shaƙa ta kusa ƙarewa, Kyaftin ya ce, "Ya ce duk wanda ya sake taka masa hannu zai gane kurensa." Ban gyara masa ba. Fuskar ta fi dacewa da nasa.

Daga inda nake tsaye ina ganin akwatin a sama, ina kuma ganin ƙarshen benci, wurin da ba kowa. Kyaftin ya bi idona.

"Ita ma fa ba kallo ta yi ba," ya ce, idonsa a kan hoton. "Rabin lokacin ƙeyarta ce ke kallon akwatin. Ta juyo ta dube ka, ta juya, ta sake juyowa. Tana taɓa na kusa da ita tana nuna ka da baki. Hoto ya yi ruwa, na ce Laftana, eriya! Ko motsi. Ranar kaɗai ta taɓa sakaci da aiki. Dole ta ce ya fi. Ai sai wanda bai kalla ba zai faɗi haka."

A can sama katifar ta yi tuntuɓe ta kife, takalman suka ɗaga sama, mutanen jirgin suka rungumi juna kamar su suka yi aikin. Sunaye suka hau.

Kyaftin ya jawo ƙyalle ya goge fuska, ya ce hayaƙin gawayin bana ba shi da kyau. Sannan ya juyo.

"To, Injiniya. Kai mai ilimi ne, ba ka sa hannu a kan ƙarya. Ka gani da idonka. Tsakaninka da Allah, wanne ya fi?"

Na ce, "Na buta."

"Inna lillahi. Da katifar?"

"Da katifar."

"Da takalmin? Da gwiwar wandon nan?"

"Ya fi."

"Kawo dalili ɗaya."

"Ba na bayarwa."

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ɗauki dutsen guga ya gwada zafinsa da yatsa mai yawu, ya shimfiɗa rigata.

"Akawu, ka gani ko? Ni ina ta ganin laifin yarinya. Ashe ciwon na gida ne."

Da na koma na ba maman Auta labari a kicin, tana tsaye tana juya mini baya. Ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo ta ce, "Ruwan nan dai har yau ban sha shayinsa ba."

Yanzu ranar Talata nake kai wanki. Wani lokaci kayan ba su taru ba, sai in zari riga ɗaya daga cikin waɗanda ya goge in tafi da ita. Yakan ɗaga ta ya duba wuyan, ya duba hammata, ya shinshina.

"Injiniya, wannan ai ko sa ta ba ka yi ba."

"A sake mata."

"A sake mata," ya maimaita, ya jefa ta kan igiya. "Matsa masa, Akawu. Na gobara dai ya fi, in ma abin da ya kawo ka ke nan."